Zauren Ɗalibai: Idan Gidanku Zai Tashi Zuwa Dutsin-Ma, Kada A Manto Karatunku A Tsohon Gida

 Da fatan an dage da bitar darussa, domin jarrabawar zango na uku ta ƙarato.

A makon jiya mun yi alkawarin ci gaba da maganar tsara lokacin karatu, sai dai wata wasiƙa da ta shigo mana ta sa mun ɗage. Wata ɗaliba ce 'yar SS2 ta rubuto daga Kaduna. Ta ce mahaifinta ya yi ritaya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin haya da na abinci da na mota suka yi wa gidansu nauyi, don haka ya yanke shawarar komawa jiharsu da iyalinsa. Asalinsu mutanen Kurfi ne, amma a Dutsin-Ma zai zauna, inda ƙanensa ke da shago. Ita kuwa a Kaduna aka haife ta, zuwanta gida bai wuce sau uku ba, shi ma na biki ne. Ƙawayenta suna ta tsokanarta wai za a mayar da ita ƙauye, amma ta ce ba wannan ke hana ta barci ba. An tsayar da tashi a watan Nuwamba, lokacin da kuɗin hayarsu zai ƙare, ita kuma a lokacin tana SS3. Tambayarta ɗaya ce: a ina za ta rubuta WAEC?

Mun ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ita ce tambayar da ba a yi ba a gidanmu, kuma har yau muna jin ciwon rashin yin ta.

Abin da ya faru a gidanmu

Shekarun baya mu ma mun kwashe iyali daga Kano zuwa Dutsin-Ma, saboda aikin koyarwa da muka samu. Mun zauna da uwargida mun lissafa komai: kuɗin kanta da za ta ɗauki kaya, ladan 'yan dako, buhun hatsi, har kajin gida sai da aka nema masu kwando. Mu ma a Nuwamba muka tashi. Abu ɗaya ne bai shiga lissafin ba, shi ne 'yar farinmu da ke SS3. A zatonmu makaranta makaranta ce, a ɗinka mata sabon yunifom, a kai ta ranar Litinin, shi ke nan.

Da muka je, shugaban makarantar ya karɓe mu da mutunci, sannan ya aika aka kira malamin da ke kula da harkar jarrabawa. Malamin ya tambayi sakamakonta na SS1 da SS2. Yana Kano, ba mu karɓo ba. Ya tambayi darussan da take ɗauka, sai ga shi ɗaya daga ciki ba a koyar da shi a wurinsu. Ya ce kuma sun riga sun haɗa sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa. Sau biyu muna komawa Kano neman takardu. Kafin su fito lokaci ya ƙure, tsohuwar makarantar kuma ta cire sunanta tunda an shaida mata cewa yarinyar ta tashi. Haka ta koma SS2, tana ji tana gani sa'o'inta suka gama suka bar ta.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wanda mahaifiyarta ta faɗa mana daga baya. Ashe yarinyar ta san za a yi haka. Ta ji malaminsu yana gargaɗin cewa kada kowa ya canja makaranta a ajin ƙarshe. Da aka tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ga Baba ya riga ya gama magana."

Ta kammala daga baya, alhamdu lillahi, amma shekarar nan ba ta dawo ba. Laifin namu ne, mu iyaye. Sai dai darasin da ke ciki naku ne: akwai abubuwan da kuka sani game da makarantarku waɗanda iyayenku ba su sani ba, kuma idan ana shirin tashi, wannan sanin naku yana cikin kayan da ya wajaba a ɗauka.

A duba kalandar makaranta kafin a tsayar da rana

Manya sukan tsayar da ranar tashi bisa ƙarewar haya ko ranar kama aiki. Makaranta kuma tana da nata lissafin. Shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, zango uku ne, kuma akwai gaɓoɓin da ɗalibi zai canja makaranta ba tare da asara ba: bayan kammala firamare, bayan jarrabawar JSS3, da bayan SS3. Ƙarshen SS1 ma da sauƙi. Inda ake shan wahala shi ne tsakiyar JSS3 da tsakiyar SS3.

Dalili kuwa shi ne, ɗalibin makaranta ba ya yi wa kansa rajistar WAEC ta watannin Mayu da Yuni, ko NECO da ke biyo bayanta. Makaranta ce ke yi masa, kuma hukumar WAEC tana buƙatar makin ɗalibi na cikin aji tun daga SS1. Makarantar da ba ta koyar da kai ba, ba ta da wannan makin, shi ya sa da yawa ba sa son karɓar baƙon ɗalibi a ajin ƙarshe. Haka nan kowace jiha da tsarinta game da biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, don haka a tambaya tun da wuri ko akwai jarrabawar share fage da ake yi a SS2, da kuma sharuɗɗanta.

Ga 'yarmu ta Kaduna, hanyoyi uku muke gani. Ta farko, a dawo da ranar tashi baya zuwa dogon hutu, ta fara SS3 a Dutsin-Ma tun ranar farko, da sharaɗin wani babba ya je da ƙafarsa tun yanzu ya ji daga bakin shugaban makarantar cewa za a karɓe ta kuma za a yi mata rajista. Zuwa da kai ya fi aike. Ta biyu, idan iyali ba za su iya tashi kafin Nuwamba ba, ita ta riga su zuwa a Satumba ta zauna a gidan baffanta. Ta uku, ta tsaya a Kaduna wurin wata goggo ko inna da iyaye suka aminta da tarbiyyar gidanta, har ta ajiye alƙalami a watan Yuli. Wata takwas ne ko tara, za su wuce kamar yau. Akwai jarrabawar masu zaman kansu da WAEC da NECO ke shiryawa, amma wannan mafita ce ta wanda abu ya riga ya ɓaci masa, ba a fara shiri da ita.

Za a iya cewa tashi a watan Agusta asarar hayar wata uku ce. Gaskiya ne. To a ɗora hayar wata uku a sikeli ɗaya, a ɗora shekarar karatu guda da kuɗin makarantarta da littattafanta a ɗayan, a ga wanda zai rinjaya.

Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, kuma Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar Katsina. Wannan yana nufin a tanadi tamfol, littattafai kuma a sa su cikin leda kafin a zuba a kwali. Amma yana da amfaninsa. Da damina ne ake gane gidan da rufinsa ke yoyo da lungun da ruwa ke kwanciya, abin da dillali ba zai faɗa da rani ba.

Takardun da ba a sa wa a buhu

Ku nemi fayil guda mai ƙwari, ku riƙe shi a jikinku ranar tafiya, kada ya shiga bayan mota tare da katifu. Ga abin da zai ƙunsa: sakamakon kowane zango tun daga JSS1, sakamakon jarrabawar JSS3, takardar canjin makaranta mai ɗauke da sa hannun shugaba da hatimi, takardar haihuwa, takardar lambar NIN, da ƙananan hotuna. Ku karɓo su kafin a rufe makaranta don hutu, domin da hutu ofis a kulle yake, malamin da ke riƙe da makulli kuma ya tafi garinsu. Ku yi kwafin kowace, ku kuma ɗauki hotonsu a wayar Mama ko ta Yaya.

Ku zauna ku gwada rubutun sunanku da ranar haihuwarku a kan takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Idan wata ta ce Aishatu wata ta ce Aisha, a gyara tun ana kusa da ofisoshin da suka bayar da su. Tun 2021 JAMB ba ta yin rajista sai da NIN, kuma ɗan wannan bambanci yana iya tsayar da mutum a ƙofar jami'a. Wanda ya riga ya yi rajistar JAMB kuma, ya adana layin wayar da ya yi amfani da shi, kada a yar da shi don an koma sabon gari.

Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma daga inda tushenku yake ake karɓo ta. 'Yarmu za ta zauna a Dutsin-Ma, amma tata a Kurfi za ta fito. Kada a manta da katin rigakafin ƙanne, da katin asibitin duk wanda ke shan magani a kai a kai, kamar mai sikila ko asma. Akwai babban asibiti a garin, amma likita zai fi taimaka wa wanda ya zo da tarihin ciwonsa a rubuce. Sannan ku roƙi malamin Islamiyyarku ya rubuta inda kuka tsaya a hadda da sauran littattafai, don kada a mayar da ku baya.

Wai ƙauye ne?

Yanzu bari mu amsa wa masu tsokana. Dutsin-Ma hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin 34 na Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Wato dai lokacin da mahaifin 'yarmu yake yaro, Kaduna da Kurfi jiha ɗaya suke. Garin yana kudu da birnin Katsina da kimanin kilomita 60, kuma wanda ya taso daga Katsina ta Kurfi yake biyowa. Wanda ya taso daga Kano kuwa yana bin hanyar Katsina har Kankiya, sannan ya ratse yamma. Sunan garin daga dutsen da ke tsakiyarsa ya samo asali, wanda labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kansa. Hakimin garin shi ke riƙe da sarautar 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina.

A garin akwai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin jami'o'in da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aka sa wa sunan Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita, ministan ilimi na tsohuwar Jihar Arewa. Ɗalibin da ke zaune a garin yana iya gama sakandare ya shiga babbar makaranta yana kwana a ɗakin mahaifiyarsa, ba kuɗin haya, ba kuɗin doguwar mota.

Ga kuma wani labari da ya kamata ku riƙe. A 1962 an ɗauke wani yaro ɗan kimanin shekara 11 daga firamaren Rafukka da ke birnin Katsina, aka kai shi firamaren kwana ta Dutsin-Ma. Mahaifinsa a lokacin minista ne a Legas. Daga nan yaron ya wuce kwalejin gwamnati ta Keffi, sannan Barewa a Zariya. Shi ne marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, shugaban ƙasa daga 2007 zuwa 2010. Wanda ya gaje shi a kujerar gwamna, Ibrahim Shehu Shema, haifaffen Dutsin-Ma ne.

Duk da haka ba za mu ce maku babu bambanci da Kaduna ba. A kudancin garin akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, ana kamun kifi da noman rani a kewayenta, amma kasancewar dam a kusa ba ya nufin famfo yana zuba a kowane gida. Kafin a biya haya a tambayi maƙwabta inda suke samun ruwa a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, da kuma nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka. A tambayi yadda wuta take a unguwar, a tanadi fitila mai caji ko ƙaramar sola saboda karatun dare. Gidan haya kuma, musamman kusa da manyan makarantu, ɗalibai da ma'aikata suna rububinsa idan an dawo hutu, don haka wanda ya nema da wuri shi ke samun zaɓi.

Maganar tsaro, ba ɓoye-ɓoye

Ku ba yara ƙanana ba ne, kuna jin labarai. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, musamman ƙananan hukumomin da ke yamma, wajen dajin Rugu, irin su Safana da Batsari da Ɗanmusa. A watan Disamba na 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni ba kira ba saƙo. A 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai na cikin al'umma don taimaka wa jami'an tsaro.

A cikin wannan hali dubban ɗalibai suke zuwa makaranta kullum, ana cin kasuwa, ana noma. Lamarin yana canjawa daga wata zuwa wata, kuma cikin gari daban yake da bayan gari ko ƙauyukan gefe. Saboda haka labarin da za a dogara da shi shi ne na mutumin da ke kwana a unguwar da za ku zauna, da na direbobin tasha da ke bin hanyar a makon da za ku tashi. Labarin Facebook ba ya isa a yanke hukunci da shi, ko na tsoratarwa ne ko na kwantar da hankali.

Naku aikin a nan ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Kada ku sanar da ranar tafiyarku ko ku ɗora hoton kayan gidanku a WhatsApp ko TikTok. Ku tuna wa manya a tashi da sassafe don a isa da rana tsaka. Ku rubuta lambobin wayar iyayenku da na baffa a takarda, ku haddace aƙalla biyu. Idan an isa, a kai gaisuwa wurin mai unguwa da limamin masallaci, domin baƙon da aka san da zamansa ya fi samun masu lura da shi. Kuma a zaɓi makarantar da hanyarta ke cikin mutane.

Zama da sababbin abokai

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Makonnin farko za ku ji magana ta ɗan bambanta: "mani" a maimakon "mini", "mashi" a maimakon "masa", "ɗiya" a maimakon "'ya". Kada ku yi dariya, su ma suna jin taku Hausar wani iri. Ku yawaita gaisuwa, ku rusuna wa manya, domin ba banza ake kiran Katsina ɗakin kara ba. Babban abin da ke raba baƙon ɗalibi da 'yan ajinsa shi ne yawan cewa "mu a Kaduna ba haka muke yi ba". Ku ajiye wannan jimlar a tsohon gida.

Manhajar karatu ɗaya ce a faɗin ƙasa, amma kowace makaranta da saurinta. A makon farko ku ari littafin rubutun ɗalibin da ya fi kowa kula, ku gwada da naku, ku cike giɓi. Inda kuka fi su nisa, ku taimaka ba tare da nuna isa ba. Su kuma za su koya maku abin da birni bai koya maku ba, tun daga bambance gero da dawa a gona har zuwa sanin tumatirin da aka tsinko da safe.

Yadda za ki faɗa wa Baba

Mun dawo gare ki, 'yarmu ta Kaduna. Ki sani wannan shawara ba ta zo wa mahaifinki da sauƙi ba, kuma ba don ya cuce ki ya yanke ta ba. Ba a neman ki ja da shi. Ana neman ki kai masa labarin da ba shi da shi. Ki fara zuwa wurin malamin jarrabawarku ki tambayi lokacin da za a rufe rajista, da abin da zai faru da sunanki idan kin tashi a Nuwamba. Ki rubuta amsar. Ki nuna wa Mama. Sannan ku sami Baba lokacin da ya ci abinci ya huta, ki durƙusa ki ce, "Baba, don Allah ina da magana a kan jarrabawata, ga abin da malaminmu ya ce." Idan nauyinsa ya hana ki, ki bi ta wurin Kaka ko Kawu. Faɗin gaskiya cikin ladabi ba rashin kunya ba ne. Mu da muka ɗanɗana, da za a mayar da mu baya, da mun fi son a tare mu da maganar tun kafin kanta ta iso ƙofar gida.

Aikin gida na wannan mako na kowa ne, ko gidanku zai tashi ko ba zai tashi ba: ku tattaro takardun da muka lissafa, ku duba ko sunanku da ranar haihuwarku sun yi daidai a dukkansu, ku nuna wa iyayenku abin da kuka gano. Waɗanda kuma ke karatu a Dutsin-Ma da Kurfi, ku rubuto mana shawarar da za ku ba baƙuwar da ke tafe, za mu buga mafi amfani a cikinsu.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.